Darasin Uwargida: Hikimar da ke Jikin Butar Shayi

Darasinmu na wannan fitowa a kan butar shayi ne, wadda kike ɗorawa a wuta kullum safe. Da yawanmu in mun shiga kasuwa, launi da ƙyalli kawai muke kallo. Alhali buta ruwan zafi take ɗauka, wanda ke tafasa a digiri 100, kuma a tsakiyar yara ake ajiye ta. Duk abin da maƙeri ya sa a jikinta da dalilinsa. Ga abubuwa biyar da za ki duba kafin ki biya kuɗinki.

1. Bakin zubawa. Ki ajiye butar a kan tebur, ki duba ta gefe. Ya kamata ƙarshen bakin ya kai tsayin wurin murfi. Ruwan da ke cikin buta da wanda ke cikin bakin tsayinsu ɗaya ne a kullum, to kin ga in bakin ya gaza, tun ba ta cika ba za ta fara tsiyaya. Butocin Maroko kuwa dogon baki suke da shi mai lanƙwasa, domin daga sama ake tsiyaya shayin, ya yi kumfa ya kuma ɗan huce. Haka masu haɗa shayi a kan gawayi suke yi a Agadez da sauran garuruwan Nijar.

2. Matata. Ki leƙa ciki, daidai inda bakin ya haɗu da cikin butar. Buta mai kyau tana da ƙananan huji a wurin, su ne ke tare ganye da citta kada su bi shayi zuwa kofin maigida ko baƙo.

3. Murfi. Wannan ɗan hujin da kike gani a kansa ba kuskure ba ne. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin shayin da ya fita, sai ya zuba sumul ba tare da fantsama ba. Ki zaɓi murfin da aka maƙala a jikin butar, ko wanda ke zama daram in kin karkata ta.

4. Mariƙi. Ki sa hannunki ki gwada. In bayan yatsunki na taɓa jikin butar, ajiye musu kayansu. Mariƙin katako ko na roba mai jure zafi ya fi na ƙarfe zalla.

5. Gindi. Mai faɗi ya fi zama a kan gawayi ko risho, kuma ba ya saurin kifewa in yaro ya ja tabarma.

Ƙananan butocin nan shuɗɗa ko koraye, rufin jikinsu ba fenti ba ne, gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Don haka kar ki kankare su da soson ƙarfe, kar ki bar su a wuta babu ruwa. In cikin ya ɓantare har tsatsa ta fito, ta gama aikinta.

In tsautsayi ya sa shayi ya zubar wa yaro, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da manja ko man goge baki, sannan ki kai shi asibiti.

Allah ya tsare mana iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.