MAKAƊA A KAN HANYA

In kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an kuma yanke shinkafa a fadamun Kogin Haɗeja, sai bukukuwa su tashi. A Kaugama da ƙauyukanta a kan yi ta aure, da kokawa, da dambe. A lokacin nan ne makaɗa ke shigowa gari. Yara su kan bi su a guje, suna kallon manyan rigunansu da kuɗin da a ke liƙa musu. Wani yaro ya kan ce a ransa, "Kai, wannan sana'a da daɗi ta ke!" Amma abin da yaro ya gani a dandali kaɗan ne daga cikin aikin. Bari mu duba sauran.

Makaɗin da ke yawo gari gari ba kasafai ya kan tafi shi kaɗai ba. Yana da jama'arsa, kowa da aikinsa. Akwai shugaba, shi ne mai waƙa, shi ne kuma uban tafiya. Akwai masu kiɗa, da 'yan amshi waɗanda ke karɓa masa waƙa. Akwai sanƙira, watau mutumin da ke sanar da shi sunayen manyan baƙi da asalinsu, ya kuma shaida wa jama'a kyautar da aka yi. Sa'an nan ga yara masu ɗaukar kaya, waɗanda ta haka su ke koyon sana'ar. In ɗan amshi ya makara, ko mai kiɗa ya yi gaggawa, waƙa ta ɓaci, kome daɗin muryar shugaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kun san labarin Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923, ya rasu a 1999. Ya yi fiye da shekara 50 yana zaga garuruwan Arewa tare da masu kalangunsa, har ya kai Nijar da Gana. A ƙasar Haɗeja kuma an yi Alhaji Haruna Uji, wanda ya shahara da kiɗan gurmi. Sunan shugaba mutane ke riƙewa, amma bayan kowane ɗayansu akwai waɗansu mutane da suka sha rana da ƙura tare da shi.

A zamanin da, da ƙafa makaɗa ke tafiya, su ɗora kayansu bisa jakuna. A 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, ta bi ta Malam Madori, sai tafiya ta yi sauƙi. Daga baya motoci suka yawaita. Yanzu a kan kira makaɗi ta waya, shi kuwa ya ɗauki hayar mota, ya loda lasifika da injin wuta. Waɗansu ma sun bar ganga sun koma fiyano. Duk da haka wahalar hanya ba ta ƙare ba. Mota ta kan lalace a daji. A kan yi wasa har tsakar dare, da asuba kuma a kama hanyar wani gari.

In sun isa gari ba sa fara kiɗa sai sun gai da mai gari da wanda ya gayyace su, an ba su masauki. Sa'an nan su duba kayan aiki. Kalangu itace ne da aka fafe, aka rufe bakinsa biyu da fata, aka ɗaure da tsirkiya. Mai kiɗa ya kan saƙala shi a hamata, in ya matse tsirkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Fata ba ta son laima. In ta yi sanyi sai an shanya ta a rana, ko a kanga ta kusa da wuta, kafin ta yi amo.

To, ina samun makaɗi ya ke? Ba shi da albashi. Wata rana a ba shi kuɗi da riguna da hatsi, manyan makaɗa ma har dawaki da motoci a kan ba su. Wata rana kuwa abin da ya samu ko kuɗin mota ba zai biya ba. A watan azumi bukukuwa su kan tsaya. Da damina mutane suna gona, kogi kuma ya kan cika ya yanke hanyoyi, kamar yadda ambaliya ta yi a ƙasar Haɗeja a 2020 da 2022. Saboda haka makaɗi mai hankali ya kan yi tanadi da rani, ya kuma riƙe gonarsa.

Babban abin da ke riƙe jama'ar makaɗa shi ne amana wajen rabo. Bayan an tashi wasa a kan tara abin da aka samu wuri ɗaya. A fid da kuɗin mota da na gyaran kaya, shugaba ya ɗauki nasa, sa'an nan a ba kowa gwargwadon matsayinsa, har ƙaramin yaro mai ɗaukar ganga. In shugaba ya cika son kansa, mutanensa su watse. In wani ya ɓoye abin da aka ba shi, yarda ta ƙare, tafiya kuma ba ta yiwuwa sai da yarda.

In kun sake ganin makaɗa a dandali, ku dubi waɗanda ke tsaye bayan mai waƙa, ku tuna nisan hanyar da suka biyo tare.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin sanƙira?
2. Don me a ke shanya kalangu a rana?
3. Faɗi lokatai biyu da samun makaɗi ke raguwa.
4. Yaya a ke raba abin da aka samu bayan wasa?
5. Rubuta sunayen kayan kiɗa biyar da ka sani a garinku.