Darasi Na 12: Kantin Magani

Mu mutanen Ngaski da Shanga mukan je Yelwa cin kasuwa, mu biya kantin magani, watau kemis. Ba magani kaɗai ake sayarwa ba. Akwai sabulu, da man shafawa, da turare, da madarar jarirai, da gidan sauro, har da fiya-fiya da maganin ɓera.

To, a nan haɗari yake. Kwalbar fiya-fiya takan yi kama da ta maganin tari. Wanda bai iya karatu ba yana iya ba ɗansa guba.

Kafin mu biya kuɗi, mu karanta sunan magani, da ranar lalacewarsa, da lambar hukumar NAFDAC. A gida kuma mu ajiye guba nesa da yara.

Tambaya: Me za mu duba a jikin kwalba?