Amsar Tambaya: Wane Katun Mai Waƙa Ya Fi Dacewa da Yara?

Wata uwa daga Kubwa ta tambayi katun mai waƙoƙin da za ta kunna wa 'ya'yanta lokacin hutu.

A ganin wannan shafi, The Lion King na 1994 ne kan gaba: labarin ɗan sarki da baffansa ya kashe masa uba saboda kwaɗayin sarauta. Muryar Lebo M na Afirka ta Kudu ce ke buɗe shi da harshen Zulu. Sai dai mutuwar uban, Mufasa, kan sa ƙanana kuka, gara Hajiya ta zauna kusa da su.

Moana na 2016 ke biye.

The Prince of Egypt na 1998 kuwa ya zana siffar Annabi Musa (AS), har Malesiya ta hana nuna shi. Wannan kam a bar shi.