Kalmar “nuna” da taswirar ƙasashen Inuwit

Inuwit al'umma ce da ke zaune a ƙuryar arewacin duniya, tun daga arewacin Alaska ta Amurka, ta ratsa Kanada, har zuwa tsibirin Girinlan da ke ƙarƙashin masarautar Danmak. Kakanninsu sun taso daga Alaska wajen shekara ta 1000, suka yi ta nausawa gabas. Saboda haka harshensu ya zama sarƙar kare-kare: maƙwabta na jin juna, amma mutumin Alaska da na gabashin Girinlan da wuya su fahimci juna.

Ga ɗalibin ginin kalma, sunayen yankunan darasi ne. Tushensu shi ne “nuna”, wato ƙasa. Idan aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar mallaka “-vut”, sai a sami Nunavut, “ƙasarmu”, yankin da Kanada ta kafa ranar 1 ga Afrilu 1999. Idan aka saka “-tsiaq”, mai nuna kyau, a tsakani, sai a sami Nunatsiavut, “kyakkyawar ƙasarmu”, a arewacin Labrado. Nunavik kuwa, a arewacin Kebek, ana fassara shi da “babbar ƙasa”. Waɗannan uku, haɗe da yankin Inuvialuit na yamma, su ake kira Inuit Nunangat. Mutanen Girinlan kuma suna ce wa tsibirinsu Kalaallit Nunaat, “ƙasar Kalaallit”.

Waɗannan sunaye ba a banza suka hau taswira ba, domin Turawa sun daɗe da laƙaba wa wuraren nasu sunayen. A 1979, da Girinlan ta sami mulkin cikin gida, babban birninta Godthåb ya koma Nuuk. A 1987 garin Frobisher Bay ya koma Iqaluit, sunan da ke nuni da yawan kifi, kuma shi ne babban birnin Nunavut a yau.

Sai dai iyakoki sun raba rubutun harshen. A Nunavik da yawancin Nunavut ana amfani da baƙaƙen gaɓa da ƴan mishan suka kawo, a Alaska da Labrado da Girinlan kuma da boko. Don haka a 2019 ƙungiyar Inuit Tapiriit Kanatami ta amince da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ɗaya domin Inuwit na Kanada, ko ɗan Labrado ya iya karanta littafin da aka buga a Iqaluit.