Filin Gwaggo: Ɗana bai shiga nazare ba, ko mun makara?

 Daga Fakku nake, a ƙaramar hukumar Kebbe. 'Ya'yana uku, babbar shekararta 9 tana aji uku, ƙanenta shekara 4, sai goyo ɗan wata 8. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ɗan ƙanwar maigidana da ke Tambuwal sa'an yarona ne, an sa shi nazare ta kuɗi. Da suka zo sallah har waƙar Turanci yake yi, nawa kuwa sai wasan ƙasa. Maigida ya ce ba shi da hali. Ga aiki ya yi mini yawa, har ina tunanin dakatar da babbar ta riƙa yi mini reno. Ki ba ni shawara.

Wata uwa, Fakku

Ɗiyata, Allah ya raya miki su. Don girman Allah kada ki taɓa karatun yarinyar nan. Wadda aka ce ta huta zango ɗaya don reno, da wuya a sake ganinta a aji, sai dai a ji an sa mata rana. Ita ma yarinya ce, ba ta isa tsaron ɗan shekara 4 da jariri a gidan da kaskon mai ke tafasa ba.

Waƙar Turancin nan kuwa kada ta hana ki barci. Yaro kan haddace abin da bai san ma'anarsa ba. Abin da ke buɗe kan yaro a waɗannan shekaru shi ne a yi masa magana, ya yi tambaya a amsa masa, ya ƙoshi, ya yi wasa. A Kingston, babban birnin Jamaika, a 1986 da 1987 aka fara wani bincike. Ma'aikatan lafiya suna shiga gidajen talakawa sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu da suka tsumbure, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin 100. Ba kuɗin makaranta aka biya musu ba.

To ke me kika rasa? In kina murza ƙuli, zaunar da shi nesa da murhu, ki ba shi faranti ya jera miki biyar-biyar yana ƙirgawa da ƙarfi. Tambaye shi wane ya fi girma, wane ya karye. In ya gina ɗaki da ƙasa, ce masa ya nuna miki ƙofa da rumbu, ki saurari bayaninsa har ya gama ko da yana ta in-ina. Da dare tatsuniya da kacici-kacici, da safe ya bi yara makarantar allo. Abin da nake roƙonki ki rage shi ne tsawa, domin yaron da kullum ake ce wa ya yi shiru, shirun yake koya.

Sannan akwai haƙƙinku da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, abin da muka saba kira rabin aji, kyauta a firamaren gwamnati. Maigida ya je wurin hedimasta ya tambaya. In babu ajin, iyaye su haɗa kai da kwamitin kula da makaranta da mai gari, su kai kuka ga sakataren ilimi a Kebbe, shi ke da hanyar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Sakkwato. Ba zan ɓoye miki ba, a ƙauyuka da dama ajin bai wuce tabarma da malama ɗaya ba, amma ko hakan ya fi a ce babu. Kuma ba na goyon bayan a ɗora ƙaramin yaro a babur kullum zuwa wani gari, ko a kai shi riƙo, saboda nazare, balle a halin da hanyoyinmu ke ciki.

Batun reno, nemi mata uku ko huɗu na unguwarku masu sana'a, ku yi shi kamar adashi, yau yara a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Ko ku sami dattijuwa mai haƙuri da tsafta, kowa ta riƙa auna mata kwanon gero. Sharaɗi dai rijiya a rufe, wuta a nesa, kuma ba a ba yaro maganin barci don a huta.

Goyon naki ya isa cin abinci tare da nono. Ki kaurara masa kunu da gyaɗar nan taki, da garin zogale, da ƙwai in ya samu. Wata mai zuwa zai cika wata 9, lokacin allurar ƙyanda ke nan. Ki ɗauki katinsa ki je asibiti, ki tafi da yayan nasa a duba ko lokacin ɗigon bitamin A ɗinsa ya yi.

Gwaggonku