Sanyin Inji a Matsayin Cuta: Nazarin Gano Matsalar Tamostat a Ƙaraye da Rogo

1.0 Gabatarwa

A maganar direbobi da makanikai Hausawa, zafi ne cutar mota. Akan ce mota "ta ɗauki zafi" ko "lagireto ya tafasa", amma da wuya a ji wanda ya kai motarsa gareji don ta yi sanyi. Wannan maƙala ta duba yadda wannan fahimta take ɓoye wata matsala ta gaske, wato lalacewar tamostat, tare da bayyana hanyoyin gano ta. An ɗora bayanin a kan ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano, waɗanda dokar masarautu ta 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Motocin haya da ke jigilar fasinja da amfanin gona daga wannan yanki zuwa Kano galibi tsofaffi ne, 'yan Kwatano.

2.0 Aikin Tamostat

Tamostat wani ɗan bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kaki mai kumbura idan ya ji zafi. Yayin da inji yake da sanyi, bawul ɗin yana rufe, ruwa yana zagayawa a cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Idan zafin ruwan ya kai digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos, gwargwadon ƙirar mota, sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto. Ke nan aikinsa shi ne tsare zafi a daidai ma'auni.

3.0 Cire Tamostat da Illarsa

Sanannen abu ne a Nijeriya makanikai su cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, bisa hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wasu har sukan haɗa fanka kai-tsaye da makunni. Illar takan fito fili a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, musamman ga motar da ta tashi daga Rogo da asuba. Injin da bai ɗumama ba yana shan fetur fiye da ƙima, filogi yana yin baƙi, tururin ruwa yana taruwa a baƙin mai ya mayar da shi dagwalo, silinda kuma tana saurin cinyewa. Asarar duka a aljihun direba take ƙarewa.

4.0 Matakan Ganowa

Na farko, a lura da allurar ma'aunin zafi. Idan an yi tafiyar minti 15 zuwa 20 ba ta kusanci tsakiya ba, ko kuma tana sauka idan mota ta ɗauki gudu, akwai alamar tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi.

Na biyu, a tayar da inji da sanyin safiya a riƙa taɓa tiyon sama na lagireto, ana kiyaye fanka. A lafiyayyar mota, tiyon yakan daɗe da sanyi, sannan ya ɗauki zafi farat ɗaya. Idan tun farko yake ɗumi a hankali, ruwa yana wucewa kafin lokaci.

Na uku, bayan inji ya huce sarai, a ciro tamostat. Idan an same shi a buɗe alhali yana da sanyi, ya lalace. In a rufe yake, a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta, a auna zafin da yake buɗewa, a kwatanta da lambar da aka buga a jikinsa.

Na huɗu, idan tiyo da tamostat sun nuna lafiya amma allura tana ƙasa, a tuhumi na'urar auna zafi. A motocin zamani, na'urar bincike takan nuna lambar P0128 idan ruwa bai kai zafin da ake buƙata ba.

5.0 Kammalawa

Maganin tamostat da ya lalace shi ne sabo mai lamba daidai da tsohon, wanda ake nema a kasuwannin kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai aiki a gaba: samar da daidaitattun kalmomin sana'ar kanikanci da za su bambanta ɗumin aiki da zafin ɓarna, domin cutar da ba ta da suna a bakin mai sana'a takan daɗe ba a nemi maganinta ba.