Kafin ka ɗauki hoton kekenka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Matasa na gyara tsofaffin kekunan Phoenix na iyayensu, su sa madigadi sabo, da madubi da ƙararrawa, sannan su so a gani a Facebook. Ba laifi ba ne, amma a yi shi da kyau.

Ka fara wanke keken, ka goge sarƙa, domin ƙurar hunturu na dushe fenti. Kada ka ɗauki hoton da tsakar rana. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, rana na bayanka. Ka jingina keken da katangar ƙasa wadda ba tarkace, ɓangaren sarƙa na fuskantarka, ka durƙusa har wayarka ta zo daidai da sirdi. Daga tsaye keke yakan fito a gajarce.

Madigadin ya cancanci hotonsa shi kaɗai. Duk wanda ya bi hanyar gonakin Bakolori da damina ya san yadda taɓo ke ɓata bayan riga. Ka matso kusa, a ga ya zauna daidai, ba ya gogar taya.

Sai batun da ya fi damuna. Yanayin tsaro bai bari a shiga daji neman wuri mai kyau ba, cikin gari ya wadatar. Kada ƙofar gidanku ta fito a hoton, kuma ka nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta shiga.